Turancin Canki-Canka: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ke shekararsa ta uku a wata jami'a, ya iske ni a gida da takarda a hannu. Yana neman wurin da zai yi horon sanin makamar aiki, an kuma ce sai ya rubuto wasiƙar neman gurbi da Turanci. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Kawu, don Allah a ɗan duba mini kafin in miƙa." Wasiƙar ba ta wuce layi goma sha biyu ba, amma kafin in kai ƙarshenta na ja jan biro a wuri tara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na san yaron nan ya ci kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC, kuma a JAMB ma Turancin ne ya ɗaga masa maki. Sai na yi masa wani ɗan gwaji. Na ɗauki jimla guda daga cikin waɗanda ya ɓata, na rubuta ta iri huɗu, uku gurɓatattu, ɗaya ingantacciya, na ce ya zaɓa. Ko minti bai yi ba ya ɗora yatsa a kan ta daidai. Na sake masa da wata jimlar, ya sake ci. Na ce masa, "To kai da ka san wannan, me ya kai ka rubuta waccan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ai Kawu, idan an jero mini su ina gane ta. Fito da ita daga kaina ne aikin."

Wannan amsa ta yaro ta tattaro matsalar da muka daɗe muna kewayawa. Gane jimlar da take daidai a tsakanin 'yan uwanta huɗu abu ne daban, gina jimla mai ma'ana a kan farar takarda kuma abu ne daban. Tsarin karatunmu ya karkata gaba ɗaya wajen koyar da na farkon, sannan idan na biyun ya gagara sai mu shiga neman wanda za mu ɗora wa laifi. A 'yan kwanakin nan kuwa wanda aka ɗora wa laifin shi ne harshen da yaro ya tashi da shi a gidan iyayensa.

Domin mai karatu ya ga nauyin da waɗannan tambayoyi na canki-canka ke da shi a rayuwar 'ya'yanmu, ya isa ya waiwayi abin da ya faru a shekarar 2025. A watan Mayu na shekarar hukumar JAMB ta fitar da sakamakon da ya nuna cewa fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi, daga cikin kimanin miliyan 1.95 da suka zauna, ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Bayan ƙorafi ya yi yawa, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban manema labarai yana hawaye, ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu zama. A ƙarshen watan dai, ɗalibai a wurare da dama sun rubuta Turancin WAEC cikin dare da hasken tocila, saboda jinkirin da hukumar ta danganta da ƙoƙarin toshe kwarmata tambayoyi.

Ba a gama jimamin wannan ba sai ga na watan Agusta. WAEC ta sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne kawai suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, alhali a 2024 adadin ya kai kashi 72.12. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta dawo ta ba da haƙuri, ta ce adadin na gaskiya shi ne kashi 62.96. Abin da ya faru shi ne, domin hana satar amsa an hargitsa jerin tambayoyin canki-canka ta yadda ɗalibai biyu da ke zaune kusa da juna ba za su sami tsari ɗaya ba, sai aka yi kuskuren auna takardun Turanci na wasu ɗalibai da jerin amsoshin da ba nasu ba. Tazarar da ke tsakanin adadin farko da na biyu ta kai yara kusan rabin miliyan. Wato takardar zaɓi guda ɗaya ta isa ta rufe wa yara rabin miliyan ƙofar jami'a, ko ta buɗe musu ita. Abin da ke da irin wannan iko a kan makomar al'umma ya cancanci a tsaya a duba me yake aunawa.

Mai tsara irin waɗannan tambayoyi mafarauci ne, kuma tarkunansa sanannu ne. Na farko shi ne ya nisanta aikau daga aikatau, ya cusa wani suna a tsakaninsu domin ya ɗauke hankalin ɗalibi. Zai rubuta "The bus carrying the teachers" ya bar gurbi, sannan ya ce a zaɓa tsakanin "has broken down" da "have broken down". Yaron da ya kalli kalmar da ke dab da gurbin zai ga malamai, jam'i, ya faɗa tarko, alhali motar ce ta lalace. Na biyu shi ne lokaci: ya sa "since 2020" a ƙarshen jimla, ya jira wanda zai zaɓi "is living" maimakon "has been living". Na uku shi ne daidaiton jeri, kamar a ce "reading, writing and to cook", inda na ƙarshen ya saɓa wa sifar 'yan uwansa biyu. Na huɗu, wanda ya fi sauran wuya, shi ne ɓangaren jimlar da ya rataya a jikin wanda ba nasa ba. Idan aka rubuta "Walking to the market, a car hit Musa", kowace kalma a cikinta lafiyarta ƙalau, amma abin da jimlar ta faɗa shi ne motar ce ke takawa zuwa kasuwa.

Hanyar kuɓuta daga waɗannan tarkuna ita ma ba ɓoyayya ba ce. Ɗalibi ya karanta jimlar daga farko har ƙarshe kafin ya kalli zaɓin da aka jero. Ya tambayi kansa wa ya yi aikin, kuma yaushe aka yi shi. Ya ɗage duk abin da aka cusa a tsakani har ƙashin bayan jimlar ya fito fili. Kada ya jefar da wani zaɓi sai yana iya faɗin laifinsa. Daga ƙarshe ya mayar da wanda ya zaɓa cikin gurbin, ya sake karantawa, ya ji ko ma'anar ta zauna. Duk wanda ya bi waɗannan matakai da saninsa, ko shakka babu yana da ilimin nahawu, kuma ba ni da ja da jarrabawar da ta ba shi maki.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai wata hanyar ta kaiwa ga amsa wadda ba ta bi ta kan ilimi ba, kuma lissafi ma yana goyon bayanta. A JAMB ɗalibi na amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne, kowace da zaɓi huɗu, ba a kuma rage masa maki don ya yi kuskure. Wanda ya rufe ido ya dinga latsawa zai iya tashi da kimanin 15 cikin 60. Wanda ya koyi yadda ake jefar da zaɓi biyu da kuskurensu ya fito fili, ya canka tsakanin biyun da suka rage, ya doshi 30. Idan ya ƙara da haddar tambayoyin shekarun baya, waɗanda salonsu ke yawan dawowa, sai ya haura rabi ba tare da ya taɓa rubuta sakin layi guda da hannunsa ba. A kan wannan lissafi aka gina kasuwa sukutum: cibiyoyin darasin yamma a kowace unguwa, littattafan tsofaffin tambayoyi a bakin kowace makaranta, da manhajojin waya. Abin da ake koyarwa a yawancinsu alamomi ne. In ka ga "neither" nemi "nor", in ka ga "each" ɗauki tilo, in ka ga "since" nemi "has". Yaro ya haddace alamar, bai san dalilinta ba. Ranar da aka cire masa zaɓin huɗu aka miƙa masa farar takarda, sai ya zama makahon da aka ƙwace wa sanda.

Wani zai ce ai WAEC da NECO suna da takardar insha'i da auna fahimta da taƙaitawa. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa suka fi JAMB kusanci da auna harshe yadda ake amfani da shi. Sai dai duk malamin da ya taɓa shirya ɗalibai ya san yadda ake yi da ita: a haddace buɗewar wasiƙa da rufewarta, a haddace karin magana biyu ko uku na Turanci, sauran kuma a dogara ga makin canki-canka ya cike giɓin. Malamin da ke da yara fiye da ɗari a aji ba zai iya duba insha'i kowane mako ba, amma zai iya karanto amsoshin tambayoyi hamsin cikin minti goma yara su duba wa junansu. Cunkoson aji da tsarin jarrabawa sun haɗu sun tura kowa hanya ɗaya.

A cikin wannan yanayi ne Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja a watan Nuwamba na 2025 cewa an soke manufar koyarwa da harshen uwa, Turanci ya zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Daga cikin hujjojin da ya kawo akwai yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen uwa fiye da kima, kuma babu ɗan Arewan da ya ji wannan magana bai san inda aka dosa ba. Manufar da aka soke ita ce wadda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a ƙarshen 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana minista, wadda ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. To amma yaron da ya zauna WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya na firamare ne a wajajen 2013, kusan shekara goma kafin a haifi wannan manufa. Wanda kuwa ya fara firamare a ƙarƙashinta sai bayan 2030 zai ga zauren WAEC. Ta yaya jaririyar da ba ta ko fara rarrafe ba za ta zama ita ta fasa tulun?

Idan kuma ana nufin tsohon tanadin da ke cikin manufar ilimi ta ƙasa tun 1977, na fara koyarwa da harshen uwa ko harshen yanki a azuzuwan farko, to sai mu faɗa wa kanmu gaskiya game da yadda aka aiwatar da shi. Hakika a makarantun gwamnati da yawa a Arewa malami na bayani da Hausa har a sakandare. Amma littafin da ke hannunsa na Turanci ne, abin da ya rubuta a allo Turanci ne, jarrabawar ma Turanci ce. Yana karantowa ne yana fassarawa da ka, gwargwadon abin da ya fahimta. Yaro ya fita bai iya karanta Hausa da ƙa'idarta ba, bai kuma iya Turancin ba. Kiran wannan da sunan koyarwa da harshen uwa zalunci ne ga kalmar. Gwajin da aka taɓa yi na haƙiƙa a ƙasar nan shi ne na Ile-Ife, wanda marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 zuwa 1978, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, da littattafan da aka tanada musamman, aka kuma ba da Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. Sharuɗɗan nasarar su ne littafi da malami, su ne kuma abubuwan da muka rasa. Ba mu manta ba cewa a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya na kashi 75 ba. An yi ta muhawara a kan adalcin gwajin, amma babu wanda ya fito ya ce malaman firamarenmu ba su da matsala. Malamin da Turancinsa ke ɗingishi, idan aka hana shi Hausa, abin da zai rage a ajin shi ne hadda da bulala.

Hasali ma, ga wanda ya san harsunan biyu, Hausa ita ce gajeriyar hanya zuwa nahawun Turanci. Kurakuran da ɗan Bahaushe ke yi ba su da yawan iri, kuma kusan kowane yana da asalin da za a iya nunawa da yatsa. Yana cewa "borrow me your pen" ne domin a harshensa kalma guda ce ke ɗaukar ɓangarorin biyu: na ari biro, ka ara mini biro. Yana cewa "I am having a car" da "I am hearing you" domin "ina da mota" da "ina jin ka" duk da "ina" suke farawa, shi kuwa an koya masa cewa "ina" ita ce "I am". Yana jin wari da "hear" domin "ji" ta Hausa ta haɗa kunne da hanci da harshe da zuciya. Yana rufe kowace tambaya da "isn't it" domin "ko ba haka ba?" guda ɗaya ta wadatar da shi a gida. Idan aka ce masa "Haven't you eaten?" sai ya ce "Yes" yana nufin bai ci ba, domin a Hausa mai amsawa yana gaskata maganar mai tambaya ne, a Turanci kuwa yana duban aukuwar aikin. Yana rubuta "advices" da "informations" domin shawarwari da bayanai jam'i ne lafiyayye a bakinsa. Yana kuma mance "a" a gaban suna domin "na sayi littafi" cikakkiyar magana ce da ba ta buƙatar ƙari.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai wuraren da Hausa ta riga ta yi wa malami rabin aiki. Tarkon motar malamai da na ambata a sama, babu ɗan shekara biyar a Kano ko Sakkwato da zai faɗa cikinsa da harshensa. Ba zai taɓa cewa "motar da ta ɗauko malamai sun lalace" ba. Ya san daidaiton aikau da aikatau tun kafin ya san sunansa, domin Hausa ba ta barin aikatau ya fito sai da ɗan rakiyar da ke nuna jinsi da adadi: yaro ya zo, yarinya ta zo, yara sun zo. Abin da ya rage wa malami shi ne ya nuna masa cewa Turanci na yin irin wannan aiki da harafin "s", ya kuma ja kunnensa cewa harafin na nuna jam'i a jikin suna amma tilo a jikin aikatau. Haka bambancin "na sayi littafi" da "na sayi littafin" ya isa ya buɗe masa ƙofar "a" da "the". Bayanin minti biyar ne, amma sai malamin da ya san nahawun Hausa, aka kuma ba shi izinin amfani da shi a aji, zai iya yin sa. Idan aka rufe wannan ƙofa, yaro zai ci gaba da fassarawa daga Hausa a cikin kansa kamar yadda ya saba, sai dai babu mai nuna masa inda fassarar ke karyewa.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira a watsar da canki-canka. Tsarin yana da amfaninsa, kuma dalilin da ya haife shi yana nan. An fara shi ne a Amurka wajen 1915, a wani gwajin karatu da Frederick Kelly ya tsara a jihar Kansas, sannan rundunar sojan ƙasar ta yi amfani da shi wajen tantance ɗimbin sababbin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ya sa ya karɓu shi ne yawan jama'a da ƙarancin lokaci. Hukumar da ke gwada mutum kusan miliyan biyu cikin 'yan kwanaki ba ta da wata dabarar. Bugu da ƙari, na'ura ba ta san ƙabila ko addini ba, ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro. A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramar garkuwa ba ce ga ɗan talaka. Haka nan ba na cikin masu raina Turanci. Shi ne harshen kotu da asibiti da ma'aikata da jami'a, kuma ɗan Arewan da bai iya shi ba an riga an rage masa rabo tun kafin a fara rabon. Saboda muhimmancinsa ne ma ya kamata mu damu da yadda ake koyar da shi.

Abin lura shi ne, waɗanda suka ƙirƙiro tsarin sun daɗe suna yi masa kwaskwarima. A 2005 jarrabawar TOEFL, wadda baƙi masu neman karatu a Amurka ke yi, ta koma intanet, ta ajiye sashen nahawu mai zaman kansa, ta shigo da gwajin magana, aka koma auna nahawun ɗalibi a cikin abin da ya faɗa da abin da ya rubuta. A 2016 jarrabawar SAT ta daina kawo jimloli ɗai-ɗai a tsinke, ta mayar da tambayoyin nahawu cikin nassi, yadda sai ɗalibi ya fahimci zancen zai iya gyara shi. Ita kuwa GMAT, ta masu neman digiri na biyu a harkar kasuwanci, wadda sashenta na gyaran jimla ya shahara har aka rubuta littattafai a kansa kaɗai, ta cire sashen ɗungurungum a sabon tsarin da ta fito da shi a ƙarshen 2023. Mu kuma a nan, umarnin da ma'aikatar ilimi ta bayar a 2025 shi ne WAEC da NECO su koma kwamfuta. Kwamfuta ba laifi ba ce, amma duk wanda ya san yadda abubuwa ke tafiya a ƙasar nan zai ji tsoron kada sauƙin da na'ura ke da shi wajen duba canki-canka ya sa a riƙa tauye rabon insha'i sannu a hankali.

Akwai kuma wata tambayar da ba a cika yi ba: daidai a wurin wa? Mutumin Ingila na cewa "the committee have decided", na Amurka ya ce "has", kuma dukkansu a gidansu suke. Masana nahawun Turanci da kansu ba su haɗu a kan "none of them is" da "none of them are" ba. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganun Najeriya 29, ciki har da "Kannywood" da "next tomorrow" da "severally" da ma'anar sau da yawa, waɗanda malamanmu suka shekara suna ja wa jan layi. Shigarsu ƙamus ba ta mayar da su Turancin wasiƙar ofis ba, kuma wajibi ne ɗalibi ya san wace magana ta dace da wane wuri. Amma adalci ya buƙaci hukumomin jarrabawa su kauce wa tambayar da masu harshen ma ke saɓani a kanta, su kuma riƙa wallafa amsoshinsu bayan an kammala domin malamai su duba. Abin da ya faru a Agustan 2025 ya nuna cewa jerin amsoshi ma yana iya kuskure, kuma ba don ihun iyaye da makarantu ba, da wataƙila an binne maganar.

Masu karanta wannan shafi su ne ke girbar abin da aka shuka. Babban sakataren da ke mayar da takarda sau uku kafin ya sa hannu, alƙalin da ke karanta ƙorafin lauya yana neman inda jimlar ta dosa, likitan da ke ƙoƙarin gane abin da aka rubuta a fayil ɗin majinyaci da dare, dukkansu sun san abin da nake faɗa. Wasu na cewa waya da manhajojin zamani sun ɗauke wannan nauyi. Lallai suna gyara "have" ta koma "has" cikin ƙiftawar ido, wato dai ainihin aikin da muka shekara goma sha biyu muna horar da yara a kansa. Abin da ba za su iya ba shi ne sanin me marubucin ke son faɗa idan shi kansa bai tsara shi a ransa ba.

Gyaran ba ya buƙatar mu jira Abuja a kan komai. Jami'o'in da ke yin gwajin tantancewa bayan JAMB suna iya ƙara rabin shafi na rubutun hannu, ko da ga waɗanda suka kai matakin ƙarshe ne kawai. Ranar da cibiyoyin darasin yamma suka ji haka, a ranar za su fara koyar da rubutu. Kwalejojin ilimi da jami'o'inmu, irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, suna da masana Hausa da masana Turanci a ƙarƙashin inuwa guda. Ba abin da zai hana su haɗu su fitar da ɗan littafi na kwatanta nahawun harsunan biyu, a sa shi a hannun kowane malamin firamare da ƙaramar sakandare. Gwamnatocin jihohi, waɗanda su ne ke riƙe da makarantun, suna da damar tsayawa kan cewa yaro ya fara iya karatu da harshen da yake ji, a kuma ba shi Turanci tun daga aji ɗaya a hannun malamin da aka horar don haka. Shi kuma malami, ko da ajinsa ya cika ya batse, yana iya sauya abu biyu: kada ya karɓi amsar "B" sai ɗalibi ya faɗi laifin A da C da D, sannan ya goge zaɓin daga allo ya ce kowa ya gina tasa jimlar a kan ƙa'idar. Jimla biyar a rana ta fi tambaya hamsin da aka canka. Iyaye kuma, musamman mu da Allah Ya ba ilimin zamani, shafi guda a mako bai fi ƙarfinmu ba: yaro ya rubuta labarin abin da ya gani, da Hausa ko da Turanci, a zauna tare a duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi dai ɗan yayata ban gyara masa wasiƙarsa ba. Na karɓe ta na ajiye, na ce ya faɗa mini da Hausa abin da yake so shugaban ma'aikatar ya sani game da shi. Ya yi bayani tiryan-tiryan, babu gargada. Na ce to ya rubuta hakan da Turanci, jimla bayan jimla, duk inda ya tsaya kuma mu duba me Hausar ta yi, me Turancin ke buƙata. Mun kai bayan la'asar muna abu ɗaya, wasiƙar ta fito da kuskure biyu maimakon tara. Da zai tafi ya ce, "Kawu, ai da tun a firamare aka yi mana haka." Shi yana da kawun da zai zauna da shi. Yara miliyoyi da ke makarantun gwamnati a Arewa ba su da kowa sai malamin ajinsu, shi ne kuma aka ce ya ajiye harshen da zai yi musu wannan bayani da shi. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su sake duba lamarin tun kafin wata shekarar jarrabawa ta zagayo.